Hatimin Maƙeri a Makka

Hajiyar da ta san kan gwal ba ta sayen awarwaro don kyan fuskarsa kawai. Mai kanti yana can yana zuba yabon ƙira, ita kuwa tuni ta juya cikin awarwaron, ta matso da shi kusa da fitila, tana neman wasu 'yan lambobi da ba su kai ƙwayar gero girma ba. In ta ga 21, ko 875, sai ta ce a ɗora a sikeli. Abin da lambar ke nufi shi ne, cikin kashi 1000 na ƙarfen, 875 zinariya ce tsantsa, sauran kuwa jan ƙarfe ne da azurfa da aka gauraya don ya yi ƙwari. Mai 22 za a ga 916 a jikinsa, mai 18 kuma 750. Matanmu sun haddace wannan lissafi, har waɗanda ba su taɓa shiga aji ba. Amma kusa da lambar akwai alama ta biyu, haruffa biyu ko uku ko wani ɗan zane, wadda ido yakan tsallake. Hatimin wanda ya ƙera ne, ko na wanda ya shigo da kayan cikin ƙasar. Lambar farko tana faɗin abin da ke cikin ƙarfen, ta biyun kuwa tana nuna wanda za a kama idan ta farko ta yi ƙarya.

A Makkan da, wadda kakanninmu suka riska bayan sun shafe shekaru a hanya ta Barno da Wadai da Darfur har bakin ruwa a Sawakin, ba a dogara da wannan alama ba. Maƙeran fari suna da lungunsu. A unguwar Ƙushashiyya, gabas da wurin Sa'ayi, akwai Zuƙaƙul Hajar, lungun da gidan Nana Hadiza yake, kuma masu ƙirar zinariya da azurfa sun daɗe a cikinsa har ana kiransa da sunan sana'arsu. Snouck Hurgronje, Baturen Holan da ya zauna a garin cikin 1885, ya rubuta yadda sana'o'in Makka suke ƙungiya-ƙungiya, kowace da shehinta. Na maƙeran fari shi ne Shaihus Saga, muƙamin da har yau bai mutu ba. Idan mace ta zargi munduwar da aka ƙera mata, wurinsa za a je. Ya goga munduwar a kan baƙin dutsen gwaji, ya goga wata zinariyar da ya san darajarta a gefe, ya ɗiga asid, ya duba wane layi ne ya dushe. Daga nan kuma ba ya bukatar a gaya masa wanda ya yi aikin. Ya san hannun kowa a lungun, ya san uban kowa, ya san wurin wanda kowa ya koyi riƙe awartaki. Maƙerin da aka kama da algus a irin wannan wuri ba tara ce ke kashe shi ba. Gaisuwar da za a daina yi masa da safe ce.

Mu ma haka muka taso mun tarar a gida. A Kano da Katsina da Zariya akwai Sarkin Maƙera, akwai maƙeran baƙi masu fartanya da garma, akwai maƙeran fari masu zobe da 'yan kunne da kayan doki. Azurfarsu yawanci kuɗi ne aka narkar: tsabar nan mai hoton Mariya Tereza da ke ɗauke da shekarar 1780 ko yaushe aka buga ta, wadda mutanen Hijaz ke kira riyal faransi, daga baya kuma sulallan Turawa. Darajar ƙarfen tana tare da kuɗin da aka kai wa maƙeri, mai kaya kuma sau da yawa yana zaune a bakin maƙera har a gama. Hatimi kuwa abin sarauta ne da alƙalanci. Wasiƙun Sarkin Musulmi da na sarakunan tuta suna ɗauke da shi, zoben amarya ba ya ɗauke da shi. Asalin abin ma daga wasiƙa ya faro a wurinmu Musulmi. Lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zai rubuta wa sarakunan Rum da Farisa, an gaya masa ba sa karɓar takarda sai mai hatimi, sai aka ƙera masa zoben azurfa mai rubutu layi uku. Ya hana kowa ya yi zane irin nasa a zobe, domin alamar da mutum biyu ke riƙe da ita ta tashi daga shaida. Zoben ya bi hannun Abubakar da Umar da Usman, har ya faɗa rijiyar Aris a Madina.

To amma Makka ba Katsina ba ce, kuma tsarin lungu da shehi yana da iyakarsa. Yana kare 'yar gari, wadda za ta iya komawa gobe da mijinta da ƙaninta. Mahajjaci fa? Yau yana nan, bayan mako biyu ya hau raƙumi ko jirgi, wataƙila ba zai sake ganin garin ba har ya koma ga Allah. Ba ya jin yaren mai kanti, zuciyarsa a tausashe take, kuma ya riga ya ƙudurce cewa a gefen Ɗakin Allah ba a cuta. Ban san wani mai saye da ya fi shi sauƙin zalunta ba. Hanyoyin algus kuwa tsofaffi ne; littattafan hisba irin na Shaizari da na Ibnul Ukhuwwa sun ware wa maƙeran fari babi guda saboda su. A cika cikin munduwa da wani abu mai nauyi. A yi liƙi da ƙarfen da bai kai darajar jikin kayan ba, a yawaita shi. A auna dutse da gilashi a kuɗin zinariya. Wannan na ƙarshe tun zamanin Sahabbai aka yi hukuncinsa: Fadalatu ɗan Ubaidu ya sayi abin wuya a Khaibar kan dinari 12, da ya ware duwatsun sai ya ga zinariyar da ke ciki ta fi kuɗin da ya biya, aka hana sayar da irinsa sai an rarrabe. Sanin abin da ke cikin ƙarfe a wurinmu har ibada ya shafa, don mai giram 85 na zinariya tsantsa zakka ta hau kanta, kuma giram 85 na mai 18 bai kai nisabi ba.

Waɗansu ƙasashe sun daɗe da mayar da wannan shaida cikin ƙarfen kansa. A Ingila tun 1300 aka kafa dokar buga kan damisa a azurfar da aka gwada, a 1363 kuma aka ce kowane maƙeri ya mallaki alamarsa shi kaɗai. Turkawa, waɗanda suka riƙe Makka daga 1517 zuwa 1916, suna buga tambarin Sarkin Istanbul a azurfar da ta ci jarrabawa a can babban birninsu. Saudiyya kuwa sai da kuɗin mai suka zo. A shekarun 1970 kasuwa ta cika da kayan masana'antu daga Italiya da Indiya da sauran wurare, farashin oza ɗaya ta zinariya ya tashi daga dala 35 kafin 1971 zuwa dala 850 a Janairun 1980, jiragen sama suka riƙa sauke alhazai dubu-dubu. Zamanin ne namu 'yan Kano-Jidda suka buɗe ido, zamanin da haƙorin Makka ya zama shaidar an sauke farali. Babu shehin da zai iya sanin hannun maƙerin da ke zaune a wata nahiya. A shekarar 1403 ta Hijira, wato 1983, aka fitar da dokar ƙarafa masu daraja da duwatsu masu tsada, wadda ta wajabta lambar karat da alamar mai ƙira ko mai shigowa, alamar kuma sai wadda aka yi wa rajista, aka ɗora wa Ma'aikatar Ciniki sa ido.

Sannan lungunan kansu suka tafi. Faɗaɗa Harami na farko a mulkin gidan Sa'ud, wanda aka fara a 1955, shi ya kwashe kantunan da ke jere a gefen Safa da Marwa, inda a da mai Sa'ayi yake ratsawa ta tsakiyar kasuwa. A ƙarshen shekarun 1980 Ƙushashiyya ta koma fili mai shimfiɗar marmara. A 2002 aka rushe ganuwar Ajyad, inda dogon benen agogo yake tsaye yanzu, a 2008 kuma aka shiga Shamiyya da abin da ke kewaye da ita. Ba ina kukan faɗaɗawar ba ne. Wanda ya yi ɗawafi cikin mutum fiye da miliyan uku na Hajjin 2012 ya san dalilinta. Abin da nake nunawa shi ne, kwatancen da ake yi a da, na cewa ka bi ta ƙofa kaza, shago na uku a hannun dama, ka ce ni na aiko ka, ya daina aiki. Masu gwal sun watsu, wasu cikin benayen da ke kewaye da Harami, wasu Utaibiyya, wasu Aziziyya, masu ƙira kuma sun koma can bayan gari inda mai saye ba ya zuwa. Wanda ya sayi zobe a 2005 ya dawo a 2015 da ƙorafi, ko ƙasar da shagon ya tsaya a kai ba zai gane ba. Rasit da 'yar alamar nan su kaɗai suka rage masa.

Ita kanta alamar aiki ce mai wuya, kuma kafin zuwan injin ba kowane maƙeri ke iya yi wa kansa ba. Ana samun ɗan sandan ƙarfe mai kyau kamar tsawon yatsa, a gasa shi a bar shi ya huce a hankali don ya yi laushi, a fere bakinsa da magagari har ya rage fili na milimita biyu ko uku. A kan wannan fili za a yi zanen, kuma a baibai, domin abin da ke dama a hatimi hagu zai fito a zobe. Ba haruffan ake sassaƙewa ba, abin da ke kewaye da su ake cirewa, su su tsaya a tsaye. Rubutun Larabci ya fi na boko ba da wahala a nan: haruffansa a sarƙe suke, ga ɗige-ɗige, kuma ɗigo ɗaya in ya karye sai harafi ya koma wani harafin. Mai aikin yana yi yana dangwalawa a dalma ko a baƙin hayaƙin fitila yana dubawa da gilashin ƙara girma. In zane ya yi, sai a mayar da ƙarfen wuta har ya yi ja, a tsoma cikin mai. A nan ya yi tauri amma ya zama mai saurin fashewa, don haka sai a goge shi, a sake ɗumama shi sannu-sannu har launinsa ya koma ruwan ƙasa mai haske, a tsayar. Wanda ya wuce wannan launi ya sami hatimi mai lanƙwashewa, wanda bai kai ba kuma bugu kaɗan zai ga baki ya ɓalle.

Mai zobe hatimi biyu yake bukata: miƙaƙƙe don abin da ke shimfiɗe, da mai lanƙwasasshen wuya wanda zai iya shiga cikin zobe. Bugun kuma sau ɗaya ne. A ɗora kayan a kan ƙarfe mai santsi, a daidaita, a sauke guduma. Wanda ya ji bai gamsu ba ya ƙara na biyu, sai alamar ta fito da inuwa, kuma ba ta gyaruwa sai an kankare zinariya. A kan yi bugun kafin gogewar ƙarshe, domin ƙarfen da hatimi ya ture yakan ɗan taso a gefe, zobe ma yakan ɗan buɗe. Siririyar sarƙa ba ta ɗaukar bugu, shi ya sa ake samun alamar a wani ɗan falle kusa da maɗauri, kuma shi ya sa masu wayo ke cewa a gwada tsakiyar sarƙar, kada a tsaya ga fallen.

Yau duk wannan ya zama aikin yini ɗaya. A zana alama a kwamfuta, a tura ta waya, inji ya sassaƙa ta a ƙarfen da aka riga aka taurara. Da yawa ma sun bar guduma sun koma leza, wadda ke ƙona rubutu a cikin zobe ba tare da ta motsa shi ba, har a kan abin da bai kai kaurin takarda biyu ba. Dutsen gwaji ma ya sami kishiya, wata na'ura da ke haska ƙarfe ta karanto abin da ke samansa cikin daƙiƙoƙi. Ban ƙi ko ɗaya ba. Sai dai sauƙin yana da kaifi biyu. A da, satar alamar wani sai an sami gwanin sassaƙa da zai yarda ya sayar da mutuncinsa. Yanzu hoto mai kyau ya isa. Shi ya sa ƙarfin hatimi ya tashi daga wuyar ƙirarsa ya koma ga littafin rajista da mai binciken da ke shiga kanti ba sallama. Indiya ta kai abin maƙura: daga 2021 ta fara wajabta hatimin hukuma, kowane abin ado kuma da lambarsa mai harafi shida da za a iya bincika a waya.

A 'yan shekarun nan Saudiyya ta waiwayi sana'ar hannu, har ta sa wa 2025 sunan shekarar sana'o'in hannu, ana kuma ta kiran a samar da tsarabar da aka yi a Makka da gaske, tunda kowa ya san yawancin carbi da zoben da muke rabawa a gida daga Sin da Indiya da Turkiyya suka fito. Samari da 'yan mata sun shigo, suna ƙera zoben azurfa mai aƙiƙ na Yaman ko firuza, suna tallarsa a Instagram. Abin farin ciki ne. Amma na lura da yawansu da tambari suke farawa. Kafin hannu ya faɗa, an zana alama mai fure da reshe da suna cikakke, an buga ta a kwali da leda. Da aka zo rage ta zuwa milimita biyu sai ta dunƙule, ba a gane komai. Shawarar tsofaffin hannu ba ta canza ba: harafi biyu, layi mai kauri, fili a tsakani. Kada a sa sunan Allah ko aya, don zobe yana shiga inda bai kamata su shiga ba, dokar alamun kasuwanci ma ba ta karɓar alamar addini zalla. Abin da ya fi wannan nauyi, wanda ba na jin ana faɗa musu, shi ne ranar da ka buga alamarka kusa da 925, lambar azurfa, ka sa hannu ne a kan liƙin da yaronka ya yi ba ka nan, da azurfar da ka saya ba ka gwada ba. Wanda bai shirya a dawo masa da kaya bayan shekara goma ba, gara ya dakata.

Ga kuma wani abin da ke sa ni shakkar ko sunan maƙeri zai taɓa yin daraja a kasuwar gwal kamar yadda ake fata. Mu da Larabawa duka, gwal ajiya ce kafin ya zama ado. Ana sayensa da giram, a ɗora ladan ƙira a kai, abin da suke kira masna'iyya. Ranar sayarwa ladan ƙirar nan ya tafi, nauyi kaɗai ake biya, kayan kuma tukunyar narkarwa za su. Matan ƙauyen Larabawa ma a da in mace ta rasu akan narkar da azurfarta a yi wa amarya sabuwa. Da oza ta haye dala 2,000 a 2020, ta haye 3,000 a Maris na 2025, Allah kaɗai ya san yawan aikin tsofaffin gwanaye da aka zuba a wuta, da hatiminsu da komai. A Kasuwar Rimi ta Kano da ƙasa ake kiran gwal: ɗan Saudiyya, ɗan Dubai, ɗan Italiya. Ban taɓa jin an ce na wane ba. Inda suna ya tsira, a azurfa ne, wadda arharta ta sa ba a gaggawar narkar da ita. Maƙeran Yahudawan San'a'a sun bar Yaman a 1949 da 1950, amma masu tara kayan tarihi har yau suna neman aikin gidan Bausani da na Badihi, suna duba 'yan tambarin da ke jiki. Maƙeran Buzaye na Agadas da yawa suna rubuta sunansu da Tifinag a bayan abin wuyan nan nasu da ya zaga duniya, kuma ya amfane su.

Namu fa na Makka? Hausawa sun yi ƙarni da ƙarni a garin, a Misfala da Jarwal da Hindawiyya da Shara Mansur. Wasu sun zama 'yan ƙasa tun da wuri, suna amsa Hausawi ko Barnawi ko Fallata. Wasu an haife su a can, an haifi iyayensu a can, amma har yau a kan iƙama suke, wasu ko ita babu. Hatimi yana bukatar rajista, rajista tana bukatar lasisi, lasisi yana bukatar takardun da ba kowa ke da su ba. Tun Disambar 2017 ma tsayawa a bayan kanta a shagon gwal ya koma na 'yan ƙasa zalla. A ɗakunan ƙira kuwa hannuwan baƙi ne suka fi yawa, mutanen Bangal da Yaman da Pakistan, alamar da ke fita a kayan kuma ta mai lasisi ce. Doka ta sami wanda za ta kama, wannan gaskiya ne. Amma wanda ya yi aikin ya fi ɓacewa yanzu a kan zamanin lungu, lokacin da ko ba a rubuta sunansa ba shehi ya san shi.

Na taɓa zama da wani dattijo irin waɗannan bayan sallar Isha, maƙerin fari ne ɗan maƙerin fari, kakansa ne ya taho daga ƙasar Hausa a ƙafa. Ya yi shekaru yana aiki a ɗakin ƙirar wani. Na ce, “Baba, duk tsawon nan ba ka taɓa sa an yi maka hatiminka ba?”

Ya yi dariya. “Malam, yin hatimi ai ba wuya, ni da kaina zan sassaƙa shi kafin Azahar. Da sunan wa zan kai shi rajista? Na kafili ne ke fita, shi ke nan.”

“To in ka ga aikinka a hannun wata, kana ganewa?”

“Ko daga nesa. Ka dubi yadda nake rufe bakin munduwa, ba mai yin haka yanzu. Bara ma na ga ɗaya a hannun wata Hajiya 'yar Nijar a bakin Harami, na so in yi magana, na ce kada a ce tsoho ya zauce.”

'Ya'yansa ba wanda ya gaji sana'ar; babban yana sayar da kayan waya. Da za mu rabu ya riƙe hannuna, ya ce in na koma Kano in tambayo masa nawa ake kama hayar shago a Rimi, da kuma ko har yanzu mata na kawo tsohon gwal a sake musu ƙira.